Yadda ake gano matsalar bawul mai sanyaya fistan da baƙin mai

Na ga masu koyon gyaran mota da yawa, da zarar kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P25A9 ko P25AA, sai su ce a sayo sabon bawul mai sarrafa feshin man da ke sanyaya fistan. A ɗaura, a goge lambar, bayan kwana biyu fitilar cek ta dawo. Abin da lambar ke faɗa shi ne akwai matsala a hanyar da ke sarrafa bawul ɗin, kuma hanyar nan ta haɗa da fiyus, waya, soket, ƙwaƙwalwar mota (na'urar da ke sarrafa inji), da shi kansa baƙin man.

A injunan da ke da wannan tsarin, a ƙasan kowane silinda akwai ɗan ƙaramin bututu da ke fesa mai a gindin fistan don ya ɗauke zafi. A tsofaffin injuna sifirin ne ke riƙe shi a rufe, ƙarfin mai ya buɗe shi idan ya kai. A wasu sababbi kuwa an sa bawul mai aiki da lantarki, ƙwaƙwalwar mota ce ke ba shi umarni: ta rufe feshin lokacin da inji bai ɗumama ba ko ba ya ɗauke da nauyi, ta buɗe idan aiki ya yi tsanani. A injin EA888 na Volkswagen da Audi, zubi na 3, sunan bawul ɗin N522, kuma akwai makunnin ƙarfin mai F447 da ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko mai ya shiga hanyar feshin. A wannan injin idan wuta ta yanke wa bawul, feshin a buɗe yake zama, don haka inji yana da kariya. Kada ka ɗauka kowane kamfani haka ya yi nasa, duba littafin motar da ke gabanka.

Da farko, kada ka goge komai. Rubuta duk lambobin da kwamfuta ta kawo, da bayanan da ta adana na lokacin da matsalar ta faru: zafin inji nawa, gudun inji nawa. P25A9 na nufin hanyar wuta a yanke take, P25AA wuta ta yi ƙasa, P25AB ta yi sama. Waɗannan ukun maganar lantarki ce. Idan kuwa bayanin ya ce bawul ya maƙale a buɗe ko a rufe, hankalinka ya koma kan mai. Idan tare da ita akwai lambar ƙarancin ƙarfin mai, kashe injin nan take, kar ma ka ce bari ka zagaya da ita ka ji.

Sai ka zaro sandar mai. Dubi yawansa, murza shi a yatsa, shinshina. Man da ya yi kauri kamar kwalta, ko wanda ke warin fetur, ko wanda ba shi ne lambar da kamfani ya ce ba, duk suna iya hana bawul motsi. Filta mai araha ma na jawo wannan. Ni dai ba na auna komai a kan tsohon mai, sai na juye tukuna. Kuɗin mai da filta bai kai rabin wahalar buɗe inji ba.

Yanzu ga inda na taɓa shan kashi, kuma nan ne nake so ka natsu. Wata mota sau biyu ina canja mata bawul. Duk lokacin da na zare soket na ɗora mita, sai in ga bolt 12 cif, in ce wuta lafiya. Ashe wayar ta gutsure a cikin robarta, saura silin tagulla ɗaya ko biyu. Mita ba ta jan wuta, don haka ko sili ɗaya ya isa ta nuna maka 12. Bawul kuwa yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya motsa, yana ja sai ta faɗi.

Maganinsa shi ne ka gwada wayar da nauyi a kanta. Zare soket, buɗe makulli, haɗa fitilar gwaji mai ƙwan gaske tsakanin wayar da ke kawo wuta da kan batir mai alamar (-). Idan ta haska sosai, madalla. Idan ta yi ja-ja kamar garwashi, akwai lauje cikin naɗi. Fitilar tana kunne, ka bi wayar da hannu kana girgiza ta, musamman inda ta lanƙwasa ko ta goga da ƙarfen inji. Inda hasken ya yi rawa, nan ne ciwon. Amma ɗaya wayar, wadda ke tafiya ƙwaƙwalwa, kada ka kuskura ka ɗora mata babban ƙwai ko ka ba ta wuta kai tsaye. A mafi yawan motoci ta nan ƙwaƙwalwa ke kunna bawul, kuma ƙona ta ya fi matsalar da ka zo gyarawa tsada nesa ba kusa ba. Ita sai ka cire batir, ka zare soket ɗin ɓangarorin biyu, ka auna daga wannan kai zuwa wancan.

Leƙa cikin soket ɗin kansa da tocila. Mai yakan tsattsafo ta jikin bawul ya cika shi, har ya bi cikin waya. Bakin ƙarfen soket kuma yakan buɗe ya daina kama fil ɗin bawul. Kada ka cusa tsinin mita ta gaba, kai ne za ka ƙara buɗe shi. Ta baya ake shiga da siririn allura.

Sai bayan wannan za ka taɓa bawul. Auna juriyar naɗin wayar da ke cikinsa, ka kwatanta da littafi. Mita ta nuna a yanke, ko kusan sifiri, ya mutu. Auna shi da zafi ma, don wani sai ya ɗumama yake yankewa. Idan kwamfutarka na iya ba shi umarni, kunna shi ka sa yatsa ka ji ƙas-ƙas. Ƙarar kaɗai ba ta isa shaida ba, yana iya ƙara alhali cikinsa a toshe. Kwance shi ka duba 'yar rariyarsa, in yana da ita. Ɓurɓushin ƙarfe a wurin labari ne na daban, daga cikin inji yake fitowa.

Idan lantarki lafiya, ɗaura gejin ƙarfin mai na hannu, inji da zafi, ka auna a silo (inji a kunne, ba a taka totur ba) da kuma gudun da littafi ya faɗa. Ƙarfi ya yi ƙasa, sauke kaskon mai ka duba rariyar famfo da famfon. Ƙarfi daidai amma lambar maƙalewa na dawowa, gwada makunnin da ke lura da hanyar feshin. Ƙwaƙwalwa ce ta ƙarshe da ake zargi. Bayan gyara ka goge lambar, ka tuƙa motar har ta kai zafin da ka rubuta tun farko, da nauyi a kanta, sannan ka sake ɗora kwamfuta.