Yadda Muke Daskarar da Jijiyar Jini Don Dashe

Na daɗe ina aiki a ɗakin ajiyar sassan jikin ɗan Adam, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, da ƙanƙara nake fara masa bayani. Idan ruwan da ke cikin ƙwayoyin jijiya ya daskare da gaggawa, ƙanƙarar kan yi tsini ta yayyaga su daga ciki.

Jijiyar kan zo mana daga mamacin da iyalansa suka amince, galibi cikin awa 24 da rasuwarsa. A gwada jininsa don cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ka share kitsen da ke jikinta, ka auna tsawo da faɗi, ka duba ko akwai ɓula, sannan ka jiƙa ta cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kusan kwana guda.

Daga nan sai wani sinadari mai suna DMSO, kashi 10 cikin ɗari na ruwan da za a sa jijiyar a ciki. Tun 1959 masana kimiyya Lovelock da Bishop suka nuna yana kare ƙwayoyin jiki daga illar daskarewa. Ka zuba shi da sanyinsa, ka kuma hanzarta, domin da ɗumi yana cutar da nama. Ka rufe jijiyar a leda biyu, ka rubuta lambarta.

Sanyayawar ce ke bukatar haƙuri. Injin sanyayawa zai riƙa rage zafi digiri ɗaya na ma'aunin Celsius a kowane minti, don ruwa ya samu damar fita daga ƙwayoyin kafin ya ƙanƙare. Bayan haka ka ajiye ta cikin tururin naitirojin, ƙasa da digiri -150. Ruwan naitirojin kansa -196 ne, amma ba na tsoma leda a ciki, gudun kada ya kutsa ta wata ƙofa ya shigo da cuta. Guntun da za a yi binciken sinadaransa kawai, firiza mai -80 ta ishe shi.

Wajen narkarwa na fi tsananta wa sababbin ma'aikata. Jijiya mai irin wannan sanyi kamar gilashi take. Masanin kimiyya David Pegg da abokan aikinsa a Ingila sun gano cewa ɗumama ta farat ɗaya kan tsattsaga ta. Ka bar ta ta ɗumama a hankali zuwa kusan -100, sannan ka sa ledar a ruwa mai digiri 37. Ka wanke DMSO ɗin mataki-mataki, ka miƙa wa likitan tiyata.