Yadda za ka kalli zanen ƙauye irin na Turawan da, mu gwada da amalanken Constable

Yawancinmu in muka ci karo da zanen nan na da mai bishiyoyi da rafi da gajimare, kallo ɗaya muke masa mu ce kai ya yi kyau, mu wuce. Ni kam wannan gaggawar tana damuna, don mai zanen watanni ya kwashe yana tsara inda idonka zai fara sauka da inda zai je ya tsaya. Mu ɗauki zanen The Hay Wain, wato amalanken ɗaukar ciyawa, na John Constable ɗan Ingila, wanda ya gama a 1821, yanzu yana gidan ajiye zane-zane na National Gallery a Landan. Nemo shi a wayarka, amma ka sa a ranka ainihinsa ƙato ne, faɗinsa kusan santimita 185, tsayi 130.

Da farko kar ka taɓa komai, bar ido ya yi yawonsa. Za ka ga ya fara daga ƙasa wajen karen nan da ke bakin ruwa, shi kuma karen amalanken yake kallo, sai kai ma ka bi shi ka kalli amalanken a tsakiyar kogin Stour dawakai na ja, daga nan kuma sai ka zarce can nesa ta dama inda rana ta haske fili. To ka ga kusa, tsakiya da nesa kenan, duk zane irin wannan a kansu ake ɗora shi.

Sai ka sa tafin hannu ka rufe rabin dama. Hagu a cunkushe yake, gidan wani manomi Willy Lott da manyan bishiyoyi masu duhu. Ɗage hannu, ka ji yadda wurin ya buɗe ka samu iska.

Yanzu sama, nan nake so ka daɗe. Duk wanda ya taɓa noma ya san karatun hadari, to da wannan idon za ka kalla: ta ina iska ke kaɗawa, ruwa zai sauko ko wucewa zai yi, ina gajimare ya jefa inuwa a ƙasa, ina ya bar rana ta sauka. Constable ɗan ƙauye ne, babansa mai injin niƙa, kuma a unguwar Hampstead ta Landan zama yake ya yi ta zana gajimare kaɗai har yana rubuta rana da yanayin iska a bayan takardar. Sunan da ya fara ba zanen amalanken nan ma tsakar rana yake nufi.

Daga nan ka ƙara girman hoton da yatsu biyu. Dubi ɗan jan da ke jikin kayan dawakan, ɗan mitsitsi ne amma shi ke tayar da duk koren nan. Dubi ɗigo-ɗigon farin fenti a kan ruwa, daga kusa kamar kuskure, ja baya kaɗan sai ka ga ruwa na walƙiya. A Landan bai samu mai saye ba a 1821, sai a Faris a 1824 aka ba shi lambar zinare.

Kafin ka rufe, koma filin nan na nesa ka nemo masu yankan ciyawa, ƴan ƙanana kamar ƙwayar gero. Sannan leƙa cikin amalanken, babu kaya a ciki.