Gwangwanin fentin feshi ya ƙi fesawa alhali da saura a ciki: inda muke yin kuskure

Ka ɗauki gwangwanin ka ji nauyinsa a hannu, ka girgiza ka ji ɗan dutsen nan na ciki yana ƙaras-ƙaras, ka danna, shiru. Ko ya yi ta huro iska zalla, ko ya riƙa tofo fenti guda-guda kamar mai tari. Duk wanda ya taɓa fentin get ko tankin babur, ko ya rubuta lamba a jikin A Daidaita Sahu, ya san wannan takaicin. A shagonmu na walda akwai wani tsohon bokiti a bayan ƙofa, nan yara ke jefa irin waɗannan gwangwanaye. In ka tambaya amsar ɗaya ce: "Oga, ya mutu." Ranar da na zauna na zazzage bokitin, mafi yawansu ba su mutu ba. Toshewa suka yi, kuma hannunmu ne ya toshe su.

Sai ka san abin da ke ciki kafin ka san inda ya lalace. Akwai fentin, akwai gas mai tura shi, wanda yawanci dangin gas ɗin girki ne, wato buten da furofen, an matse shi har ya zama ruwa-ruwa ya gauraya da fentin. Akwai siririn bututun roba da ya tashi daga gindin gwangwanin zuwa bawul ɗin da ke wuya, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa fenti hanya in an danna, sai kan feshin da kake dannawa da yatsa. Gas yana danna fenti daga sama, fenti ya bi bututu ya hau. Masu yin sa sun auna gas da fenti yadda za su ƙare kusan tare, saboda haka duk gas ɗin da ya fita shi kaɗai ya bar wani fenti maraya a ciki. Wurare uku ke nan da matsala ke zama: kan feshi, bututu da bawul, ko gas ɗin kansa.

Babban laifinmu shi ne girgiza. Mutum ya kaɗa gwangwani sau uku ko huɗu ya ce ya isa. Duk wadda ta taɓa ajiye gasarar koko ta kwana ta san yadda take kwanciya a gindin roba ta yi tauri, ruwa ya taso sama garai. Haka launin fenti yake yi. Gwangwanin da ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari wataƙila ya yi watanni a tsaye a kan kanta, launin ya kwanta ya zama laka, kuma bakin bututun nan a cikin lakar yake zaune. Dannawar farko ita ce ke zuƙo lakar ta cusa ta cikin bututu da bawul. Shi ya sa za ka ga sabon gwangwani fil ya yi feshi ɗaya ya ɗauke, mutum ya koma yana faɗa da mai kanti wai an sayar masa da jabu.

Mai ruwan azurfa da mai ruwan zinare da fentin shimfiɗa na hana tsatsa su suka fi wannan hali, don abin da ke cikinsu ya fi nauyi. Abin dariya, mai ruwan azurfar nan, wato alminiyam, da ya fi wahalar da mu shi ne launin da aka fara zubawa a irin wannan gwangwani, lokacin da Edward Seymour ya ƙirƙiro fentin feshi a jihar Ilinoi ta Amurka a 1949.

Lissafin girgiza yana farawa ne daga lokacin da ka ji dutsen ya saki, ba daga lokacin da ka ɗauki gwangwanin ba. Idan ka kaɗa ba ka ji ƙararsa ba, ya maƙale a laka. Kifa gwangwanin, ka bubbuga gindinsa da tafin hannu, da tafin hannu na ce, ba da sifana ba. In ya saki, ka yi minti ɗaya zuwa biyu kana kaɗawa sama da ƙasa, kana kuma juya shi yadda dutsen zai riƙa zagaya gindin yana kankaro abin da ya kwanta. Minti biyu da agogo sun fi tsawo a kan yadda kake zato, ka duba wayarka ka gani. Feshin farko a jikin kwali za ka yi shi. Tsakiyar aiki ma ka riƙa ɗan kaɗawa. Ni tun a gaban mai kanti nake girgizawa, wanda dutsensa ya ƙi motsi sai in ce a canza mini.

Sai abin da ake yi bayan an gama aiki, ko in ce abin da ba a yi. Fentin da ya rage a ƙaramar hudar kan feshi yana bushewa cikin ɗan lokaci, gobe ka zo ka tarar da ita a liƙe. Maganinsa a rubuce yake a jikin gwangwani da yawa: ka kifa shi, ka danna daƙiƙa biyu ko uku har ka ga iska ce kawai ke fita ba launi, ka goge bakin da tsumma. A kife bakin bututun yana sama inda gas yake, gas ɗin ne ke share hanya.

To amma nan ma ana wuce gona da iri. Na yi wani yaro da ya riƙe wannan darasi har ya fi malaminsa: duk shafi ɗaya da ya fesa sai ya kifa gwangwani ya yi ta busa iska. Kafin a gama get guda gas ya ƙare, fenti na nan kwance. Sau ɗaya ake yi, a ƙarshen aikin ranar. Akwai kuma gwangwanayen da aka yi su don su fesa ta kowace fuska, har a kife. Irin waɗannan in ka kifa su fenti za ka yi ta zubarwa, goge baki kawai suke so. Karanta jikin gwangwanin zai gaya maka.

Wani ɓarnar gas ɗin ba a ma lura da shi. Ka shimfiɗa ƙyaure a ƙasa, ka kwantar da gwangwani kana fesawa daga sama, ko ka leƙa ƙarƙashin babur da shi a karkace. Da zarar fentin ya ragu, bakin bututu sai ya fita daga cikinsa ya koma shan gas. Ka jingina abin da kake fesawa a tsaye in da hali, gwangwanin ma ya tsaya, da tazarar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 30. Bututun ciki kuwa ba a miƙe yake ba, ya lanƙwasa zuwa gefe guda, kuma a wasu gwangwanaye akwai ɗan ɗigo a bakin wuya da ke nuna gefen. Ka juya kan feshin ya kalli ɗigon. In babu ɗigo kuma fenti ya kusa ƙarewa ya fara yankewa, ka riƙa juya kan kaɗan-kaɗan kana gwadawa, za ka dace da gefen.

Idan ya riga ya tsaya, kada ka fara da zato. Cire kan feshin ka sa na wani gwangwani da ka san yana aiki. In ya fesa, ka gano mai laifi. Ka dai lura iri biyu ne: akwai kan da ke da ɗan tsinke yana shiga rami a wuyan gwangwani, akwai kuma wanda tsinken a jikin gwangwanin yake, kan ne ke hawa bisansa. Ba sa shiga wa juna, kada ka tilasta. Lokacin sakawa ka kawar da hudar daga fuskarka, ka murza a hankali, don yakan yi tsartuwa.

Kan da ya toshe, ka kankare busasshen fentin bakinsa da farce, ka jefa shi cikin tina, wato ruwan tsinka fenti, a ƙaramar kwalba mai murfi ya yi 'yan sa'o'i ko ya kwana. Kananzir ba ya cin busasshen fenti yadda ya kamata, ɓata lokaci ne. Kada kuma ka manta da shi kwana da kwanaki, tina mai ƙarfi tana lalata wata robar. In kana da gwangwanin man kwance tsatsa ko na wanke kafireto wanda wuyansa ya yi daidai, ka ɗora kan a kai ka danna, ya wanke shi ta ciki. Ban da hurawa da baki. Allura kuwa, na san kowa ita yake fara nema. Hudar nan da 'yan hanyoyin da ke bayanta su ne ke farfasa fenti ya zama hazo, in ka buɗa ta da allura ko wayar buroshi fenti zai fito, amma tsiri zai riƙa yi yana zuba a jikin aiki. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne ka daina jefar da kawunan gwangwanayen da suka ƙare lafiya. Nawa suna cikin wata kwalbar man shafawa a aljihun tebur, sun fi duk wata dabara cetona.

In ka sa kai mai kyau bai fesa ba, toshewar tana bawul ko bututu, kuma a nan ne ake jin ciwo. Ina yaron shago na taɓa yin abin da nake hana yara yanzu. Wata Juma'a ce, na riga na sa farar riga, maigidana ya ce in ɗan taɓa wani wuri a jikin get da jan fenti kafin mai shi ya zo. Gwangwani ya ƙi. Na cire kan, na ɗauki ƙusa, na sunkuya ina leƙen ramin, na danna. Ban ga fitowarsa ba, sai ji na yi fuskata ta yi sanyi. Allah ya taimake ni na runtse ido. Maigidan ya dube ni ya ce, "Kai yaro, da idon ka bayar, wa zai biya ni?" Rigar ba ta sake zuwa masallaci ba. Gwangwanin da ya yi shiru yana iya kasancewa cike da ƙarfinsa, kuma mai tsokanar bawul dole fuskarsa tana saitin ramin. Wanda fenti ya shiga wa ido ya yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti 15 ya nufi asibiti, kada wani ya kuskura ya kawo masa tina ko fetur.

Abin da ake yi wa bawul kaɗan ne. Ka sake girgizawa sosai, ka ɗiga tina ɗigo biyu ko uku a ramin wuyan, ka bar shi ya jiƙa, ka mayar da kai mai tsabta, ka riƙa dannawa gajere-gajere kana saki, hudar tana kallon kwali. Sau da yawa sai ka ji ya yi kaki ya tofo gudan da ya tsaya, ya ci gaba. In ka yi haka sau biyu ko uku bai motsa ba, ka haƙura da shi.

Sanyi ma yana sa lafiyayyen gwangwani ya yi kamar ya mutu. Da safiyar hunturu a Jos ko Zariya ƙarfin gas yana sauka, fenti ya yi kauri, feshi ya fito da rauni yana yayyafi. Ko ba hunturu, in ka daɗe kana dannawa ba hutu za ka ji gwangwanin ya yi sanyi a hannunka, ƙarfinsa ya ragu, ɗan hutu kawai yake so. Ka tsayar da shi cikin ruwan ɗumi wanda hannunka zai iya zama a ciki ba ka cire ba, ruwan ya tsaya a kafaɗarsa, kamar minti goma, ka goge ka girgiza. Kuskuren da nake gani a gari shi ne a ajiye shi gefen murhun mai shayi, ko kan janareto, ko a jingina shi da salansar babur. A jikinsa an rubuta kada ya wuce zafin digiri 50. A Sakkwato ko Maiduguri da bazara zafin inuwa ma yana haura 40, balle cikin rufaffiyar mota ko kan kwanon rufi da tsakar rana. Gindin gwangwani a lotse yake zuwa ciki, in ka ga ya kumburo waje kada ka girgiza shi, kada ka danna, ka kai shi inuwa nesa da mutane. Mu masu walda kuma mu tuna gas ɗin nan mai kamawa ne, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wani na feshi wani na walda a gefensa, neman magana ne.

Saura wanda gas ɗinsa ya ƙare da gaske. Alamarsa ita ce kan feshin mai tsabta ne, amma feshin ya yi ta raguwa har ya koma ɗan huci, in ka matsa jikin gwangwanin da babban yatsa ya lotsa da sauƙi. Akwai bidiyoyi da ke yawo a waya ana ɗura wa irinsa iska da injin mai faci. Ban yarda da shi ba. Ƙarfen siriri ne, don amfani ɗaya aka yi shi, ga iska za ka haɗa da abin da ke kama wuta, kuma ba ka da ma'aunin da zai ce maka ya isa. Huda shi da ƙusa don a tsiyaye fentin a shafa da buroshi ma haka, domin daga waje toshasshe da wanda gas ɗinsa ya ƙare kamarsu ɗaya, wanda ya yi kuskuren bambancewa a fuskarsa zai sani.

Wanda ya ƙare lafiya, ka fita waje ka danna shi har ya daina huci gaba ɗaya kafin ka ba 'yan jari bola. Kada ya shiga sharar da za a cinna wa wuta, fashewa yake ya tashi kamar harsashi, yara kuma su ne kullum a bakin bola. Waɗanda suka gagara da nauyinsu, a kwali daban nake tara su a inuwa, a tsaye, in kuma mai saye ya zo sai na gaya masa, "Malam, waɗannan da ƙarfinsu, kada ka sa musu guduma."