Idan ofis ya tura ka taro, ga yadda ake sabo da mutane ba tara katin suna da lambar waya kawai ba

Akwai abinda na daɗe ina lura da shi a wajen taro da bita. Mutum ofis ɗinsu ya biya masa kuɗin hanya da masauki, amma yana shiga ɗakin taro sai ya laluɓo abokin aikinsa da suka taho tare su zauna gefe guda, lokacin hutu suna tare, an tashi sun fice tare, kwana uku ana abu bai gaisa da mutum biyar ba. Ni ma na yi haka ba sau ɗaya ba, dan haka ba gori nake wa kowa ba. Amma fa in kai aka zaɓa ka wakilci ma'aikata ko kamfani ko ƙungiya, ba jin jawabi kaɗai ya kai ka ba, jawabin ai ko kana gida za a iya turo maka takardarsa ta imel. Mutanen da ke ɗakin su ne ba a turowa.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ka nemi jadawalin taron tun da wuri, ka duba su wa za su yi magana, waɗanne hukumomi ne za su zo, ka ware mutum uku zuwa biyar da kake ganin haɗuwa da su za ta amfani ofis ɗinku. Ka leƙa LinkedIn, dandalin intanet da ma'aikata ke sa bayanin aikinsu, ko shafin ma'aikatarsu ka ga aikin da suke kai yanzu. Minti goma ya isa kowane ɗaya.

Sai abinda ya fi komai, kuma shi aka fi tsallakewa: ka shiga wajen oganka kafin ka tafi ka tambaye shi me muke nema a wajen nan, me aka yarda in faɗa, wane alkawari zan iya ɗauka da sunan ofis. Ni wahala ce ta koya min wannan. An taɓa tura ni wani taro, muna tsaye a baranda lokacin hutu hira ta yi daɗi da wata mata shugabar wata ƙungiya, ta ce suna neman wanda za su haɗa hannu da shi a shirya horo, ni kuma baki ya riga tunani na ce "ai Hajiya wannan ba komai ba ne, za mu yi." Ta buɗe ɗan littafinta ta rubuta, ina kallo, har da kwanan wata. Ban ma koma gida ba wasiƙa ta riga ni isa teburin shugabanmu, an sa sunana a layin farko cewa kamar yadda wakilinku ya tabbatar mana. Babu kuɗin abin a kasafi, babu wanda ya san da zancen. Haka na zauna na rubuta ban haƙuri, matar kuma har yau in mun haɗu gaisuwarta a taƙaice take. Magana zarar bunu ce dama, balle a bakin wakili, in ka ce "za mu" ba kai ake ji ba, ofis ake ji. Abinda nake cewa yanzu shi ne "abin ya yi min, bari in kai wa shugabanmu, zuwa Laraba za ki ji daga gare ni." Wannan alkawarin nawa ne, ina iya cika shi.

Gabatar da kai kuma kar ya wuce jimla biyu. Sunanka, inda kake aiki, da abinda kuke yi da yaren da kowa zai gane. Ba wanda zai riƙe dogon muƙami mai gajerun haruffa shida, amma in ka ce "muna koya wa masu ƙananan sana'o'i yadda za su riƙe lissafin kuɗinsu" to ka bai wa mutum inda zai kama. Daga nan ka mayar masa da maganar. Kar ka tsaya a "ya aiki" dan amsar ɗaya ce, lafiya lau, an gama. Ka ce na ji kun fara kaza, ya abin yake tafiya, ko me ya fi ba ku ciwon kai bana. Sannan ka yi shiru ka saurara da gaske, ba kana gyaɗa kai idonka na bayan kafaɗarsa kana neman wanda ya fi shi girma ba, wallahi mutane suna gani kuma ba sa mantawa.

Tunda maganar manya ta shigo, kowa rububin babban baƙo yake, a yi layi a sha hannu a ɗau hoto, shi kuwa kafin ya shiga mota ya manta fuskarka. Ka gaishe shi, ya kamata, amma wanda ke riƙe masa jaka da jadawali, da jami'ar da ke zaune a layin baya tana rubutu, sau da yawa su ne za su ɗaga wayarka nan da wata biyu. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da wani nazari a 1973 da har yanzu ake kafa hujja da shi. Abinda ya nuna shi ne labarin sabon aiki ya fi zuwa wa mutane ta bakin waɗanda suke gani jefi-jefi, ba aminansu na kullum ba, dalili kuwa amininka abinda ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga, wanda kuka yi sanin shanu da shi ne ke yawo a wata duniyar daban. To haka abin yake ga ofis ma, in ka zauna da 'yan ofis ɗinku ba sabon abinda za ka kai gida.

Suna kuwa, ka maimaita shi a baki lokacin da aka faɗa maka, in bai shiga ba ka ce a sake, ba abin kunya ba ne. Kuna rabuwa ka ɗan koma gefe ka rubuta a waya ko a bayan katinsa: inda kuka haɗu, me kuka tattauna, me ka ce za ka tura. Kar ka ce sai dare. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a farko-farkon lokaci bayan an ji abu, ni kuma na taɓa tsintar kati goma sha wani abu a aljihun riga bayan wanki, sun dunƙule kamar dusa, ko ɗaya ban san na waye ba.

Rabuwa ba wuya. "Na ji daɗin hirar nan, bari in bar ka ka gaisa da sauran jama'a, zan turo maka rahoton." Shi ke nan.

Akwai zancen da ba ya fita daga bakin wakili ko da hira ta kai tsakar dare. Rikicin cikin gida, jinkirin albashi, halin oga, kushe waɗanda kuke gasa da su. Wanda ke tayaka dariya a lokacin yana auna ka ne, yana cewa a ransa gobe haka zai yi da mu. In kuma ka ji an ce taron yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House, wadda wata cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan ta kafa a 1927, ma'anarta kana iya amfani da bayanin da ka ji amma ba ka da damar faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki, ko na sauran mahalarta. Kar ka fito ka ɗora a Facebook da suna da hoto. Ko ba ƙa'idar ma, ka tambaya kafin ka sa hoton mutum. Kyauta kuma, bayarwa ko karɓa, ka san tsarin ofis ɗinku tukuna, dan akwai kamfanonin da dokar hana cin hanci ta Birtaniya ta 2010 ko ta Amurka ta 1977 ke bin su har ƙasashen waje, abinda kai ka ɗauka karamci ne yana iya ja wa ma'aikacinsu takardar tuhuma.

Aikin na gaskiya bayan an watse yake farawa, zumunci ai a ƙafa yake. Cikin kwana ɗaya ko biyu ka tura saƙo gajere, kuma ka tuna masa kai waye: "Barka da aiki yallaɓai, ni ne wane daga ofishin kaza, muka yi maganar horon ma'aikata a bakin ƙofa bayan zama na biyu. Ga rahoton da na ce zan turo." Ka fara da bayarwa, ko labarin wata dama ne, ko haɗa shi da wani da zai amfane shi bayan ka nemi izinin duka biyun. Roƙo a saƙon farko yana kashe magana. Kuma dan Allah samun lambar mutum ba lasisi ba ne na jefa shi gurup ɗin WhatsApp ko tura masa hoton furanni kullum da asuba. In ya yi shiru ka sake taɓa shi bayan sati biyu, in shirun ya ci gaba ka bar shi sai wata haɗuwar.

Ranar da ka koma ofis, kafin aikin da ya taru ya danne ka, ka rubuta wa oga rabin shafi: su wa ka gani, me suke nema, me ka ce musu, yaushe ka yi alkawarin waiwayarsu. Lambobin da adireshin imel ɗin ka zuba su inda abokan aikinka za su iya gani, kar su zauna a wayarka kaɗai, dan in kana hutu ko an yi maka canjin wajen aiki mutumin ya kira, ya samu wanda ya san zancen. Ranakun alkawarin kuma ka sa su a kalandar waya da ƙararrawa, Larabar da ka ce ta zama Laraba.