Yadda ake haɗa titaniyom ba tare da an narkar da shi ba

Masu walda na Ƙofar Ruwa in ka ce musu za a haɗa ƙarfe biyu ba narkarwa ba rodi, dariya za su yi maka. Amma maƙeran da suke gasa ƙarfe a wuta ya yi ja su doke shi da masaba har ya manne, kusan abin kenan, sai dai a titaniyom injin matsi ne ke aikin gudumar kuma a hankali yake yi.

Mu ɗauki gamin da aka fi amfani da shi, Ti-6Al-4V, wato titaniyom da aluminiyom kashi 6 cikin ɗari da ƙarfen banadiyom kashi 4. Ka fara goge fuskokin biyu da sanfefa mai laushi sosai har su yi santsi, ka wanke da asiton, wato ruwan sinadari mai cire maiƙo, kada ka sake taɓa su da hannu don maiƙon yatsa ma yana ɓata aiki. Sai ka haɗa su a murhun da aka zuƙe iskar cikinsa ko aka cika da iskar agon, wadda ba ta yi wa ƙarfe komai. Wannan ba zancen ƙwalisa ba ne, titaniyom in ya yi zafi shan oksijin yake, fatarsa ta yi tauri ta riƙa tsagewa.

To zafin ne dai inda ake faɗuwa. Titaniyom sai 1668 digiri a ma'aunin Celsius yake narkewa, amma kai ba can za ka ba, tsakanin 900 da 950 za ka tsaya, matsi kamar megafaskal 2, ka bar shi awa ɗaya zuwa biyu. A wannan zafin ƙarfen yana shanye siririn tsatsan da ke fuskarsa da kansa, ƙwayoyin zarra na ɓangaren nan su ratsa cikin na can, shi ya sa ya fi aluminiyom sauƙin haɗuwa ta wannan hanya.

In ka yi rowar zafi, misali ka tsaya a 800, a ido za ka ga ya kama ras, amma ka yanka ka duba a madubin ƙara girma sai ka ga ƙananan ramuka jere a layin haɗin kamar an yi ɗinki, nan zai ɓalle. Ƙara lokaci yana ɗan taimakawa, amma wallahi digiri 50 ya fi ƙarin awa ɗaya tasiri.

In kuma ka zarce wajen 995, tsarin ƙarfen ya juya zuwa wanda ake kira beta, ƙwayoyinsa su kumbura su yi manya, ya haɗu kam amma ya rasa lanƙwasa, ga shi kayan na iya lotsewa saboda matsin. Don haka ka sa ma'aunin zafi a jikin ƙarfen kansa, kada ka dogara da lambar da murhu ke nunawa.

Ka bar shi ya huce a ciki kafin ka buɗe. Kuma tun kafin ka kunna ka tabbatar janareto na da mai, in aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki famfon zuƙe iska ya tsaya, ƙarfen nan mai tsada zai fito shuɗi ko toka-toka.