Yadda Ake Renon Shugabanni a Zumuntar Mata Masu Bin Almasihu

A ikilisiyoyi da yawa, idan aka duba zumuntar mata da kyau, za a tarar cewa mata uku ko huɗu ne ke ɗauke da kusan dukan aikin. Su ne masu buɗe taro da addu'a, su ne masu koyarwa, su ne masu riƙe kuɗi, su ne kuma masu zuwa gai da marasa lafiya. Ranar da ɗayarsu ta ƙaura ko ciwo ya kwantar da ita, sai aiki ya tsaya cik, a shiga kallon juna. Mata masu baiwa suna nan zaune a kan kujerun baya, abin da ya rage shi ne a rene su, kuma renon nan aiki ne da shugaba za ta tsara da gangan.

Matakin farko shi ne ki san matan da ke hannunki. Ki rubuta sunan kowace mace, a gefen sunan kuma ki rubuta abin da kika ga tana yi ba tare da an sa ta ba. Wata takan matsa kusa da baƙuwa ta buɗe mata wurin da ake karantawa, wata yara ke binta duk inda ta zauna, wata kuma ba ta cika magana ba amma lissafinta ba ya kuskure. A nan ake gane baiwa, domin mai yawan magana a taro ba lallai ita ce ta fi dacewa da jagoranci ba.

Daga nan sai reno, wanda shi ne zuciyar al'amarin. A cikin Titus 2:3-5 manzo Bulus ya ɗora wa manyan mata nauyin koyar da ƙananan mata, kuma irin wannan koyarwa ba a gama ta daga kan mumbari. Ki zaɓi mace ɗaya ko biyu, ki gaya musu a fili cewa kina so ki koya musu aikin, sannan ki bi da su sannu a hankali: da fari ta zauna kusa da ke tana kallon yadda kike shirya nazarin Littafi Mai Tsarki, bayan haka ki ba ta sashe ɗaya ta jagoranta, daga baya ta ɗauki taron gaba ɗaya kina zaune kina sauraro. Ranar farko za ki ga takardar da ta riƙe tana rawa a hannunta, muryarta ta shaƙe, wataƙila ma ta manta ayar da ta haddace. Kada ki karɓe maganar daga bakinta. Ki bar shirun ya ɗan yi tsawo har ta samo kanta, domin idan kika cece ta a gaban jama'a, kin koya mata cewa ba za ta iya ba sai da ke.

Gyara kuwa a keɓe ake yin sa. A Ayyukan Manzanni 18:26, da Bilkisu da mijinta Akila suka ji wa'azin Afolos a Afisa, suka ga akwai abin da bai gama sani ba, sai suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ki fara da faɗin abin da ta yi daidai, ki ambaci abu guda kawai da za ta gyara, ki kuma sa mata ranar da za ta sake gwadawa tun kafin ku rabu.

Babban taro yana da daɗi, amma mace na iya zama a cikinsa shekara guda da nauyi a zuciya ba wanda ya sani. Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18 ita ce ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma, kuma na goman nan ne ya fi amfani a zumuntar mata. A raba mata ƙungiyoyi na takwas zuwa goma, a gauraya masu aure da 'yan mata da gwauraye, kowace ƙungiya da mai kula da ita. Aikinta na farko mai sauƙi ne: idan 'yar'uwa ta yi fashin taro sau biyu a jere, ta neme ta. Kiran waya yana da kyau, sai dai zumunta a ƙafa take, kuma sau da yawa sai an zauna da mace a ɗakinta ake gane cewa "lafiya lau" ɗin da take faɗa ba lafiya ba ce. Ko ikilisiyar farko ta yi tuntuɓe a nan, domin Ayyukan Manzanni 6 ya nuna an riƙa tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Taimako yakan ɓace ne idan ba a ɗora shi a wuyan wani da suna ba.

Akwai abu ɗaya da na ga yana rushe zumunta fiye da kome, wato tona asiri da sunan roƙon addu'a. Mace ta amince ta faɗi damuwar aurenta, mako bai zagayo ba sai ta ji labarin a bakin wadda ba ta wurin. Daga ranar ta rufe bakinta, sauran da suka gani ma sun rufe nasu. A kafa ƙa'ida tun ranar farko cewa abin da aka faɗa a ƙungiya a nan zai tsaya, kuma ba a kai sunan kowa gaban babban taro sai da izininta. Iyakar wannan ƙa'ida ita ce inda rai ke cikin haɗari. Idan ana dukan mace ko ana cutar da yaro, a yi addu'a, a kuma sama mata wurin tsira, a kai ta ga likita, a sanar da waɗanda ke da ikon kare ta.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta rahoto a gaban kowa, kamar yadda Bulus ya kiyaye kansa daga zargi a 2 Korantiyawa 8:20-21.

Saɓani kuma zai zo, har tsakanin mata masu himma. Afodiya da Sintiki sun yi fama tare da Bulus a aikin bishara, duk da haka a Filibiyawa 4:2-3 sai da ya roƙe su su daidaita, ya kuma nemi wani amintacce ya taimake su. A bi tsarin Matiyu 18:15-17, a fara magana tsakanin su biyu kafin a jawo ta uku.

Daga ƙarshe, a sa wa kowane muƙami wa'adi, misali shekara biyu ko uku, a rubuta shi tun kafin zaɓe. Watanni shida kafin wa'adin ya cika, shugaba ta fara miƙa wa mai gadonta littafin rahoto, jerin sunayen gwauraye da marasa lafiya, da ranakun ziyara, ta kuma raka ta gidajen da ba ta taɓa shiga ba domin a san fuskarta.