Shirya wa Ɓangarori Biyu a Muhawarar Makaranta: Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi

Akan ba ɗalibai batun muhawara tun da sauran mako biyu, amma ba za su san ko goyon baya za su yi ko adawa ba sai ranar gasa, wani lokaci ma sai an jefa kwabo a gaban alƙalai. A shekarun da na yi ina kula da ƙungiyar muhawara, na lura yawancin waɗanda aka kayar tun a wurin shiri suka faɗi, ba a kan dandamali ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗalibi ya gina wa ɓangaren da ransa yake so soro, ɗayan kuma ya kafa masa bukkar kara. Ɗauki batun nan: "A koyar da yaran firamare da harshen uwa." Ɗalibin da yake ƙaunar Hausa zai cika shafi uku da hujjojin goyon baya. Da an ce ya rubuta na adawa, sai ya rubuta "Turanci harshen duniya ne," ya ajiye biro. Idan kwabo ya ba shi adawa, ba shi da abin faɗa. Idan ma goyon bayan ya samu, abokan karawarsa za su zo masa da hujjojin da bai taɓa tsammani ba.

Maganinsa shi ne ka fara da ɓangaren da ba ka so, tun kana da ƙarfinka. Kuma kada ka zauna kana ƙiyasta abin da masu wannan ra'ayi za su ce, je ka same su, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tambayi malamar da take koyarwa a Sabon Garin Kano, inda aji ɗaya ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe: da harshen uwar wa za ta koyar? Tambayi uban da yake tuna cewa da Turanci ɗansa zai rubuta WAEC da NECO da JAMB. Sannan ka tuna Najeriya tana da harsuna sama da 500, da yawansu ba su da littafin lissafi ko ɗaya. In ka gama rubutawa, koma ka karanta wa malamar nan. Sai ta ce "haka nake nufi" tukuna shirinka ya nuna.

Wani kuskuren shi ne raba hujjoji gida biyu, a ce wannan tamu ce, waccan tasu. Hujja ɗaya takan yi wa kowa aiki. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci duk shekaru shida na firamare, kuma yaran suka yi ƙoƙari sosai. Mai goyon baya zai ɗaga wannan sama. Mai adawa kuwa zai ce harshe ɗaya ne a can, an horar da malamai musamman, jami'a ta shirya littattafai. Ina za a samu haka a kowane ƙauye? Haka nan a 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi. Don haka a ƙarƙashin kowace hujja rubuta layi biyu: abin da ta tabbatar, da inda ƙarfinta ya ƙare.

Kada kuma ku bar ma'anar kalmomi sai a fili. "Harshen uwa" na gida ake nufi ko wanda ya fi rinjaye a gari? Firamare duka ko ajin farko zuwa na uku? Ku tsayar da ma'anar da za ku yarda da ita ko wane ɓangare ya faɗo muku.

Sai hadda. Ɗalibi ya haddace jawabi biyu, tsoro ya kama shi, ya gauraya su, ya kare abin da aka ce ya rusa. Ko bai gauraya ba, mai hadda ba ya sauraren abokin karawarsa, jira kawai yake lokacinsa ya yi. A gasar muhawarar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, kowane mai magana yana da minti 8, kuma ana raba maki 40 ga hujja, 40 ga salon magana, 20 ga dabara. Martani a kan abin da aka faɗa yanzu yana cikin abin da ake dubawa, hadda kuwa ba ta iya shi. Ƙaramar takarda ga kowane ɓangare ta isa, mai ɗauke da kanun hujjoji uku da shekarunsu.

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, "Malam, ashe ba munafunci ba ne in kare abin da ban yarda da shi ba?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na ce mata kowa a zauren ya san kwabo ne ya ba ta ɓangaren, ba wanda ta yaudara. Ƙarya tana shigowa ne lokacin da ɗalibi ya rasa hujja ya ce "bincike ya nuna kashi 90 cikin 100," alhali babu wani bincike. Wannan ban taɓa yarda da shi ba, ko da zai kawo mana kofi.

A atisaye na ƙarshe, kwana biyu kafin gasa, ku rabu gida biyu, a sa mai kula da lokaci da agogo a hannu. Idan an gama zagaye na farko, ku sha ruwa, ku musanya kujeru, kowa ya rusa abin da ya gina ɗazu.